Hannun da Ya Saki Igiya

A Tungar Ciɗo, arewa da Takanamat, akwai wani tsoho mai ɗingishi da ake kira Manzo mai ginar rijiya. In baƙo ya sha ruwan garin ya ji daɗinsa, ya tambaye shi wa ya gina rijiyar, sai ya ce, "An dai gina ta." Waɗanda suka san shi da ƙuruciya kan yi dariya in sun ji haka, don a da ba ya jiran a tambaye shi. Tun kana ɗaure jakinka zai iso ya gaya maka shi ya ga wurin, shi ya fasa dutsen, kuma ba don shi ba da har yau matan garin suna wuni a hanya da tulu. Abin haushin kuma shi ne, in ka bincika sai ka tarar bai yi ƙarya ba. Abin da ya raba wancan Manzo da wannan igiya ce guda, da wani abokinsa mai suna Attaher, wanda Manzo ya raba da sunansa na kirki da magana ɗaya.

Manzo ɗan manoma ne. Samarin ƙasar Adar kuwa an san al'adarsu, da an ɗaure gero kowa ya rataya jaka sai Abijan, ba a ganinsa sai hadari ya fara haɗuwa. Shi ya ce kowa ya yi kudu, shi ƙasa zai nufa. Ya bi wani kawunsa mai ginar rijiya, ya fara da kwasar ƙasa a bakin rami, har ya kai ga riƙe dagi. Ginar rijiya a arewacin Adar ba wasan yara ba ce. Ka wuce rairayi, ka wuce marmara, ka tarar da farin dutsen nan mai cinye bakin ƙarfe, ka yi gaba ashirin ko talatin kafin ka ji sanyi a tafin ƙafarka. Can ƙasa numfashi da ƙyar ake jansa, sama kuwa ba ta fi faifai girma ba. Ƙarti da yawa sun leƙa sun ce ba da su ba. Manzo in ya sauka har waƙa yake yi.

Allah ya ba shi ƙirji, ya ba shi taurin kai, shi kuma ya ɗauka duk shi ya ba kansa. Yana saurayi ya bar cin taba rana ɗaya, ya kuma shekara arba'in yana ba mutane labari. In ya ji wani ya ce, "Ban san sa'ad da na yi ba," sai ya yi tsaki. A wurinsa namiji shi ke juya ransa, kamar yadda mahayi ke juya jaki, duk wanda ya ce abu ya fi ƙarfinsa rago ne kawai.

Ga yadda aikin yake. Ana kafa gwafa biyu a bakin rami, a gitta itace, a rataya gungumen nan mai juyawa da igiya ke bi ta kansa, wanda Buzaye ke kira takarkart. Ƙasar da aka haƙo raƙumi ke jawo ta, in za a fito da mutum ma raƙumi ne. Amma saukar da mutum ba a ba dabba. Ana kafa turke mai ƙarfi a gefe, a naɗa igiya a jikinsa, mutum ɗaya ya zauna yana sakinta kaɗan-kaɗan. Mutum ɗaya tak, don masu sana'ar sun ce in hannu ya yi yawa a igiya kowa zai dogara da na kusa da shi, ta tafi ba mai ita. Mai gina shi ke zaɓar mai igiyarsa. Akushi ɗaya suke ci, in kuma suka saɓa, ba a sauka sai sun yi musafaha.

Mai igiyar Manzo shi ne Attaher, wani Buzu dogo daga wajen Tebaram, mai raƙumi ɗaya da butar shayi ɗaya. Ba ya son magana. In suna hutawa a inuwa Manzo ya cika wuri da labarin kansa, Attaher yana ta juya shayi daga kofi zuwa buta.

"Kai Buzu," in ji Manzo, "bakin naka na nan cikin rawani ko gida kab baro shi?"

"Amidi," in ji Attaher, wato aboki da harshensu, "kai ka yin magana ta mutum biyu. Mi za ni ƙarawa?"

Amma a igiya Attaher ya fi kowa ji. Kafin Manzo ya girgiza ta don a tsaya, ya riga ya tsaya. Ta nauyin igiya yake gane ya gaji, ko ƙafarsa na neman wurin takawa. Sun yi kusan shekara ashirin a haka, daga Takanamat har rijiyoyin makiyaya na arewa. Kowa na cewa rijiyar Manzo, ba wanda ya taɓa cewa rijiyar Attaher, Manzo ma bai taɓa jin akwai abin gyarawa a maganar ba.

Wata bazara suna aiki kusa da Tebaram. Igiya ta kwana a ƙasa, kunama ta shige cikin naɗinta. Da hantsi Attaher na saukar da Manzo, saura kamar gaba uku ya taka ƙasa, ta harbe shi a tsakanin yatsu. Hannu ya buɗe. Manzo ya faɗa a kan duwatsun da ya farfasa jiya, ƙugunsa ya karye. Attaher, da hannu a kumbure har gwiwa, shi ya sa aka saukar da wani ya ɗaure shi, shi ya ja raƙumi, shi ya tare mota, shi ya riƙe kansa a cinya har likitar Tawa, wato asibiti.

Da Manzo ya dawo hayyacinsa ɗakin cike yake da ƴan dubiya. Attaher ya matso ya nuna masa hannun. Manzo ya dubi hannun, ya dubi mutane, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Kunama? Ko kububuwa tas sare ka, in ran mutum na hannunka ba ka saki. Da ni na, sai dai hannun shi ruɓe bisa igiya. Ranka kas so, kas saki."

Matarsa Raƙiya ta ce, "Haba Malam, ƙaddara ta."

Ya ce, "Ƙaddara ba ta da yatsu."

Attaher ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido, ya fita. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin Manzo ya fara takawa da sanda, daga Tebaram har Takanamat ba mai kiran mutumin nan Attaher, sai Saki-Igiya. Ba mai gina rijiya da ya sake nemansa. In ya je shayar da raƙuminsa sai wani ya ce a riƙe masa guga kada ya sake ta, a yi ta dariya. Daga baya aka ji ya sayar da raƙumin ya koma Tawa. Manzo ya ji, bai damu ba, don a ganinsa hukunci ya yi na gaskiya. Zalunci ne, kuma mutumin da ba ya ƙarya ne ya yi shi, shi ya sa ya kama.

Ƙugu ya ɗoru a karkace, sauka rijiya ta ƙare wa Manzo. Sai ya koma turke, ya zama mai igiyar ɗansa Issouf, wanda ya gaji dagin. Issouf ɗan fari ne, saboda haka Manzo bai taɓa kama sunansa ba, daga "yaron ga" sai "kai wane", ko da yake yaron ga ya yi gemu har ya aurar da ƙanne. Kowace safiya Manzo sai ya warware igiya ya kakkaɓe ta kamu-kamu. In ya zauna a turke ba ya amsa sallama. Ya kan ce wa masu kallo su buɗe ido su ga yadda ake riƙon ran mutum. Shekaru suka wuce, aka kawo fanfo da tankin ruwa a manyan garuruwa, amma makiyaya da ƙananan tungaye ba su daina neman mai dagi ba.

Ranar da abin ya faru ba ta da wata alama. Jiya dutse ya ci igiya, Issouf ya yanke wurin ya haɗa da wani ƙulli mai kama da kan tunkiya. Manzo ya yi ta faɗa tun da safe, ya ce wannan ƙullin ragwaye ne, sai an lallaɓa shi kafin ya wuce takarkart, kuma ranar kasuwa za a sayi sabuwa. Issouf ya ɗaura, ya yi bismilla, ya sauka. Ashe rina ta yi gida a ƙarƙashin itacen da aka gitta. Girgizar igiya ta tashe ta, ɗaya ta zo ta sauka a bayan hannun Manzo.

Bai ma ji zafin ba sai daga baya. Abin da ya fara gani shi ne hannunsa a sama, a buɗe, yatsu a warwatse, igiya kuma na gudu a jikin turke har tana hayaƙi. Ya ji wata murya ta tsage da ihu, "Issouf! Issouf!" Sai da ta fita sau biyu ya gane tasa ce. Sai igiya ta tsaya cak. Ƙullin nan na ragwaye ya cije tsakanin takarkart da itace. Can ƙasa Issouf na lilo, ya ƙuje kafaɗa, ya ɗago kai ya ce, "Baba, lahiya?"

Aka fito da shi, aka yi ta barka. Manzo ya koma gindin wata aduwa ya zauna yana kallon hannunsa. Ba kunyar mutane ce ta zaunar da shi ba, ba wanda ya ga laifinsa, kowa ya ga rinar. Wani abu yake nema. Yana neman daidai lokacin da ya ce wa hannun ya buɗe, bai samu ba. Ya nemi lokacin da ya ba bakinsa izinin kama sunan ɗan fari a gaban jama'a, shi ma babu. Ɗansa ne a igiya, da za a ce ya ba da hannun a sare da ya miƙa, amma hannun bai yi shawara da shi ba. Wanda ya ceci yaron kuma ba shi ba ne, ƙullin da ya wuni yana zagi ne.

Da wani ne, da ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya tashi ya kaɗe riga. Manzo mai gina ne, in ya ga alamar abu a ƙasa sai ya bi shi. Ya shiga tonon kansa kamar yadda ya saba tonon tudu, yana neman Manzon nan mai ba da umarni. Ya lura tunani na zuwar masa ne yadda ruwa ke tsattsafowa a gindin rami, ba ya sanin wanda zai zo sai ya zo. Ya duba taurin kan da yake taƙama da shi, ya ga na uwarsa ne, har yadda take cije leɓe. Ƙirjin na ubansa ne. Sanin ƙasa kawunsa ya zuba masa, shi ma wani ya zuba masa. Har barin tabar nan da ya dami duniya da labarinta, da ya bi sawunta sai ya tuna ranar da wata yarinya mai suna Raƙiya ta wuce shi a bakin kasuwa ta toshe hanci. Ya yi ta tono, kowane abu ya ɗago sai ya ga daga wani wuri ya zo. Mai gidan da yake nema bai same shi ba.

Ya zaci tsoro zai ji, sai ya ji sauƙi, irin wanda mutum ke ji in ya sauke dami. Masu gina sun daɗe da sanin cewa in rijiya biyu na kusa, aka matsa wa ɗaya da ja, ɗayar ma sai ta ja baya. Kowace da bakinta da sunan mai ita, amma ruwan da ke ƙasa bai san da wannan rabo ba. Manzo ya san haka tun yana yaro, bai dai taɓa zaton maganar ta shafi mutane ba.

Ya je ya gaya wa limamin garin, yana tsoron kada ya zama ya kauce hanya. Liman ya saurare shi ya ce, "Manzo, kullum in ladan ya kira salla kana amsawa da cewa babu dabara babu ƙarhi sai ga Allah. Kai dai sai yanzu kaj ji abin da bakinka ka hwaɗi. Amma kada ka ce babu hisabi." Manzo ya ce hisabi na Mai hisabi ne, shi bai kai can ba. Abin da ya sani kawai shi ne dutsen da yake jifar mutane da shi ya faɗi daga hannunsa.

Mutanen gari kuwa suka samu abin tsokana. Hashimu mahauci ya ce masa, "To Manzo, tunda ba mai yin komi, in ɓarawo ya kwance akuyarka sai ka yi mai addu'a?"

"In bi shi in amshe abata," in ji Manzo. "Raƙumi mai cizo ana sa mai takunkumi. Ba a dai kwana da shi ga rai."

"Kuma mi yas sa hal yanzu kaka kakkaɓe igiya, tunda komi rubutacce na?"

"Kakkaɓewag ga ma cikin rubutun take."

Ya daina faɗa, ya daina cika baki, har Raƙiya ta fara tambayar ko lafiya. Amma akwai abin da sauƙin nan bai ɗauke masa ba. Duk sa'ad da ya dubi bayan hannunsa sai ya ga wani hannun, kumburarre, ana nuna masa a ɗakin likita. Rina ce ta buɗe nasa, rinar da ba ta kai rabin kunama ba.

Ran wata Lahadi ya hau motar kasuwa ya tafi Tawa, ɗan kabu-kabu ya kai shi kasuwar dabbobi. Ya yi ta ɗingishi tsakanin raguna da raƙuma yana tambayar Attaher, wani Buzu dogo na wajen Tebaram. Ba wanda ya san shi. Sai da ya cije ya faɗi ɗaya sunan, nan take wani dillali ya nuna masa da baki. Manzo ya ji kamar an mare shi, don maganarsa ce ta raɗa sunan.

Ya same shi a bayan kasuwa yana ɗiban ruwa a jarka yana zuba wa dabbobin mutane. Ya rame, ya ranƙwafa, rawanin ya koɗe. Dillalin ya ce mutumin kirki ne, sai dai ko akuya ka ce ya riƙe maka ba ya yarda, ya ce a ba wani. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, kowa na kallon ƙasa. Sannan Manzo ya miƙa hannunsa ya ba shi labarin rina, bai rage komai ba.

"Ɗana na bisa igiya, Attaher, nis saki. Ban so raina ba, ban so komi ba, hannun dai yab buɗe. Na zalunce ka. Ka yahe mani."

Attaher ya ajiye jarka. Sannan ya ce, "Na yahe tun ban bar ƙohwar likita ba, amidi. Amma gaskiya kah hwaɗi. Kullum ina komawa ga ranan nan. Da na ƙara cijewa kaɗan, da ba ka hwaɗi ba. Ni nis saki."

Wannan ta fi wa Manzo zafi a kan zagi. Ya zo neman gafara, ya tarar an ba shi ita tun tuni, ba ta kuma gyara komai ba. Mutumin ya karɓi hukuncin ya haɗiye, shekara da shekaru yana yanka kansa da shi. Manzo ya yi bayani iyakar iyawarsa, na tsattsafi, na rijiya biyu, Attaher na gyaɗa kai don ladabi kawai. Nan Manzo ya gane magana ba ta mayar da abin da magana ta ɗauke. Ya ce masa to, ko ba komai ya zo Tungar Ciɗo ya ga yadda yara suka girma, Raƙiya ma ta ce tun tafiyarsa ba ta sake shan shayin kirki ba. Bai bar kasuwar ba sai da Attaher ya yi alkawari.

Attaher ya zo bayan girbi, daidai lokacin da za a yashe babbar rijiyar garin, wadda su biyu suka gina da ƙuruciya. Ranar yasa gari kan fito, maza na kwasar laka, mata na kawo fura. Attaher ya tsaya can baya. Manzo na jin ƴan raɗe-raɗe, wani na cewa ai ga Saki-Igiya.

Issouf ya tuɓe riga zai ɗaura igiya, sai uban ya karɓe ta daga hannunsa. Ya kakkaɓe ta, ya naɗa a turke, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa, karkataccen ƙugun nan. Tun faɗuwarsa bai sake sauka rami ba, kuma kada wani ya ce maka bai ji tsoro ba. Ya ɗauki ragowar igiyar ya je ya ajiye ta a gaban Attaher.

Raƙiya ta ajiye ƙwarya ta ce, "Malam, ka haukace? Da jikoki?"

Maigari ya ce, "Manzo, bari wagga magana."

Attaher ya ja da baya, ya tura hannuwansa cikin riga. "Ba ni taɓa ta. Wallahi, amidi, ba ni taɓa ta. Ka ba ɗanka."

"Mai gina shi ka zaɓen mai igiyatai," in ji Manzo. "Na zaɓa. Kowa shi ja baya, kun san doka, hannun mutum guda." Ya dubi Issouf ya ce, "Kai ma, yaron ga."

Ya zauna a bakin rijiya, ya zura ƙafafu. Attaher na ta cewa ba ya riƙewa, a hana shi, ba ya riƙewa. Hauka ce, ba mai cewa ba hauka ba ce, kuma ba a ce wani ya gwada ba. Manzo ya yi bismilla ya zame.

Igiya ta motsa a jikin turke, ta fara ja. Mata suka sa salati. Issouf ya rantse daga baya cewa ya yi tsalle, amma kafin ya kai an riga shi. Attaher na zaune a turke, dugadugansa sun kafe a ƙasa, hannu biyu a kan igiya, ba wanda ya ga lokacin da ya fito da su daga riga. Igiya ta tsaya. Ya yi ta haki. Sannan a hankali yatsunsa suka fara sakinta kamu-kamu, yadda suka saba. Da Manzo ya kai wurin farin dutse inda ramin ya ɗan karkace, yana shirin girgiza igiya a dakata, sai ya ji an riga an dakata. A nan hawaye suka zubo masa, yana rataye tsakanin sama da ƙasa.

Ya taka laka, ya cika guga uku don kada a ce ya sauka a banza, aka ɗaura wa raƙumi igiya ya fito da shi. Yana dafa bakin rijiya Attaher ya taso masa. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa sama da tafasar buta ba, ranar har bayan gari an ji shi.

"Mahaukaci! Tsohon banza! Na ce maka ba ni riƙewa! Na rantse maka ba ni riƙewa!"

Manzo na zaune cikin laka yana numfashi, ya ce, "Na ji ka, kowa ya ji ka. To wa yar riƙe?"

Attaher ya sunkuyar da kai. Ya dubi tafin hannuwansa, igiya ta saɓule fata, jini na tsattsafowa. Ya daɗe yana kallonsu.

"Ban sani ba," ya ce. "Ganinsu dai niy yi bisa igiya."

"Waccan rana ma hakanan kag gane su a buɗe," in ji Manzo. "Hannun ga na dai, bai canja ba. Bai tambaye ka ba da za shi saki, bai tambaye ka ba da za shi riƙe. Ni nil laƙa maka laihi, ga shi na zo in ɗauke abina."

Attaher ya durƙushe a gindin turke, ya ja rawani ya rufe fuskarsa gaba ɗaya, kafaɗunsa na girgiza. Manzo ya dafa sandarsa ya miƙe, ya juya ga jama'a.

"Gaban mutane nib ɓata mai suna, gaban mutane nika maida shi. Ku kira shi da wanda ubanai yas sa mai."

Ba wanda ya san ta inda zai fara. Sai Raƙiya ta share ido da bakin zane, ta ɗauki ƙwaryar fura ta matsa kusa.

"Attaher," ta ce, "amshi ka sha."

Bai ɗago nan da nan ba. Sai da ta sake kira, sannan ya gane da shi ake, ya miƙo hannu biyu ya karɓa.